Tsarabar Baki: Tsakanin Faɗin Gaskiya da Rufin Asiri

Duk wanda ya taɓa yin tafiya mai nisa ya san cewa ranar ƙarshe daban take da sauran kwanaki. Rana ce da mutum yake tashi da zuciya biyu, ɗaya ta riga ta isa gida tana gaisawa da iyali, ɗayar kuwa tana nan maƙale da garin da za a bari tana roƙon a ƙara ko da kwana guda ne. Rana ce kuma ta ɗaure kaya da lissafin tsaraba, wane ya samu, wance ba ta samu ba. To amma akwai wata tsaraba da matafiyi yake ɗaukowa wadda ba a sa ta cikin jaka, ba a ɗora ta kan sikeli a filin jirgi, jami'an kwastan kuma ba ruwansu da ita, alhali kuwa ta fi sauran duka nauyi. Ita ce labarin da zai bayar idan ya sauka, wato abin da na kira tsarabar baki. Tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowa ita ce: shin wajibi ne matafiyi ya faɗi duk abin da idonsa ya gane masa, ko kuwa akwai wurin da rufin asiri ya fi dacewa? Wannan tambaya ta tare ni ne a ranar ƙarshe ta wani hutu da na yi a ƙasar Masar, don haka sai ku yi mini haƙuri in fara da labarin.

Ni malamin makarantar sakandare ne, ina koyar da Labarin Ƙasa. A dogon hutun watan Agusta na 2022 na kwashe adashin da na yi shekara biyu ina zubawa, na sayi tikitin zuwa Alƙahira wajen autanmu, wanda yake karatu a can, ya kuma shekara huɗu bai zo gida ba. Daren da zan tashi Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Babba, waya ba ta nuna mini rama ko ƙiba. Ka je ka gano mini shi da idonka." Na ce, "To Inna, in Allah Ya yarda."

Mako uku na yi, kuma alal haƙiƙa na sha gata. Auta ya sauke ni a wani gida mai ɗaki biyu da falo a unguwar Madinatu Nasr, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga firji cike da abinci. Ya kai ni Giza na ga dalar Fir'auna da aka gina kimanin shekara 4,500 da suka wuce, wadda na daɗe ina kwatanta wa ɗalibai da dalar gyaɗar Kano ban taɓa ganin ta ba. Mun yi salla a masallacin Azhar da aka fara ginawa a shekarar 970. Mun shiga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe tun 1987, mun kuma sha iska a jirgin ruwa a kan Kogin Nilu. A duk kwanakin nan wutar lantarki ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya. Kullum dare ina rubuta abin da na gani a wani ɗan littafi, ina tanadin labarin da zan kai gida.

A ranar ƙarshe da safe muka shiga kasuwar Khan al-Khalili domin cikon tsaraba. Na sayi jallabiyoyi da turare da dabino da 'yan littattafai. Har wani ɗan kasuwa ya kusa sayar mini da wani jan ganye da ya ce sunansa karkade, yana ta zuba mini amfaninsa ga lafiya, da na sansana sai na ji ashe zoɓo ne, wanda matata take jiƙawa kullum a gida. Muka yi dariya muka wuce. Da muka koma masauki sai batun nauyin kaya ya taso, domin tikitina jaka biyu ya ba ni, kowacce kada ta wuce kilo 23. Auta ya ce bari ya je ya aro sikeli wajen abokansa. Na ce mu je tare, in yi wa gari kallon ban kwana. Ya yi ta kawo uzuri, wai da nisa, wai akwai rana, ni kuwa na nace.

Muka shiga mota zuwa Hayyul Ashir, unguwar da ɗalibai 'yan Afirka suke da yawa. Muka hau bene hawa biyar da ƙafa. Da aka buɗe ƙofa sai ga ɗaki guda, katifu biyar a ƙasa, fanka ɗaya tana juya iska mai zafi, risho a lungu da tukunyar wake a kai. Samari suka miƙe suna gaishe ni cikin ladabi. Ina cikin amsawa sai idona ya faɗa kan wani bargo mai ratsin kore a kan katifar ƙarshe. Na san bargon, domin ni Inna ta aika kasuwar Kwari na sayo shi ranar da Auta zai tafi. Kafin in ce wani abu, ɗaya daga cikin samarin ya dubi Auta ya ce, "Malam, gobe ke nan za ka dawo mana ɗaki?"

A kan matakala, muna saukowa da sikeli a hannu, ya gaya mini komai. Gidan da na sauka na wani ɗan kasuwa ne mutumin ƙasarmu da ya tafi gida hutu ya ba shi aron makulli. Abincin firji da kuɗin yawon da muka sha rance ne. Shi kuwa abin da yake riƙe da shi aikin tafinta ne, yana raka marasa lafiyar da suke zuwa asibiti daga Nijeriya, ranar da aka samu a ci, ranar da ba a samu ba a yi haƙuri. Sannan ya tsaya ya ce, "Yaya, don Allah kada Inna ta ji."

Daren nan ban runtsa ba. Jakunkuna sun hau sikeli sun sauka lafiya, amma abin da ke cikin ƙirjina na rasa ma'aunin da zan auna shi da shi. Bari in shimfiɗa muku hujjojin ɓangarorin biyu kamar yadda suka yi ta kai kawo a raina.

Hujjar faɗin gaskiya ita ce, ni ɗan aike ne. Inna ba ta ce in je in sha iska ba, cewa ta yi in zama idonta, ido kuwa da zai ga baƙi ya ce fari ne gara makanta da shi. Na karɓi amana tun kafin Auta ya roƙe ni, kuma amanar farko ba ta faɗuwa don ta biyu ta zo. Bugu da ƙari, ƙarya irin wannan tana da farashi, kuma shi Autan ne yake biya. Tun da dangi suka ɗauka yana cikin daula, babu mai tunanin aika masa da ko sisi, sai ma saƙonni da suke bin sa, wannan a sayo masa waya, waccan a sayo mata abaya. Idan na koma na ƙara wa wannan zato ƙarfi, na ƙara masa kaya ke nan da sunan taimako.

Hujjar rufin asiri ita ma ba ƙarama ba ce. Mu Hausawa idan muka tashi yi wa mutum addu'ar da ta fi kowacce, cewa muke yi Allah Ya rufa asiri. Wanda yake da abin da zai ci bai roƙi kowa ba, mai rufin asiri muke ce masa, muna kuma ganin ya fi mai kuɗin da aka san sirrinsa daraja. Sirrin nan na Auta ne, shi ya sha wahalarsa shekara huɗu bai kai ƙara wajen kowa ba, ni kuwa tsautsayin sikeli ne ya sa na gani. Daɗin daɗawa, Inna tsohuwa ce mai hawan jini, ba ta da abin da za ta aika masa, iyakacin abin da labarin zai ƙara mata shi ne rashin barci. Sannan yaron nan karamci ya yi mini, ya ci bashi don kada yayansa ya kwana a ƙasa. Ashe sakayyar karamci ita ce tonon silili?

Ina cikin wannan juyi sai wani tunani ya zo mini wanda ya sa na ji kunyar kaina. Ina ganin Auta ya ɓoye mini halin da yake ciki, to ni fa? Shaddodina uku da na fi ji da su na zuba a jaka, na kashe tarin shekara biyu a mako uku, ina ciniki a kasuwa kamar wani attajiri. Ban gaya masa cewa rufin ɗakina yana yoyo ba, ban gaya masa albashi ba ya kai ni ashirin ga wata ba. Ɗan kasuwar da ya so sayar mini da zoɓo zai koma gida yana cewa malaman makarantar Nijeriya masu hali ne. Wannan ma tsohon abu ne a garin. A shekarar 1324 Mansa Musa, Sarkin Mali, ya ratsa Alƙahira a hanyarsa ta zuwa Makka, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa, mutanen gari suka daɗe suna labarinsa. Zinariyar suka gani, ba su ga talakan da ya haƙo ta ba. Ashe hutu haɗuwa ce ta kayan salla biyu, baƙo ya sa nasa, mai masauki ya sa nasa, kowa ya koma yana zaton haka ɗan'uwansa yake kwana yake tashi. Shi ya sa magabata suka ce baƙo ko da ido makaho ne. Mako uku na yi ina kallo ina rubutu, amma abin da ya fi muhimmanci a tafiyar ban gan shi ba sai da ya rage mini kwana ɗaya.

Kashegari da safe Auta ya raka ni filin jirgi. Muka yi sallama ba mu tayar da zancen ba, sai dai da na juya na hango shi tsaye yana kallona, na san tambayar da ke idonsa. Jirgi ya tashi, koren bakin Nilu ya ɓace, sahara ta shimfiɗu a ƙasa babu iyaka. A nan malamin Labarin Ƙasa ya motsa a cikina. Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano daga wannan wuri suka taso, jirage uku na sojan saman Ingila, sun bar Helwan kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoba, suna yada zango a hanya, suka sauka ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Kafin su kuwa, kakanninmu masu zuwa gabas a ƙasa suke bi ta Barno da Wadai da Darfur, tafiyar watanni, wani lokaci shekaru, wasu ma ba su dawo ba, zuriyarsu tana nan a Sudan a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wanda ya dawo ta wannan hanya yana da watanni na tauna abin da ya gani, zumuɗi ya kwanta, ɓacin rai ya huce, kafin ya iso ƙofar gari labarinsa ya nuna. Ni kuwa abin da aka ba ni bai cika awa biyar ba. Jirgin sama ya rage mana wahalar hanya, amma ya ƙwace mana lokacin tunani, shi ya sa matafiyin yau yake sauka da ɗanyen labari, ya raba wa mutane su ci ya ɓata musu ciki.

A cikin awowin nan na tsayar wa kaina tambayoyi uku da zan riƙa auna kowace magana da su. Ta farko, sirrin na wane ne? Ta biyu, mai tambayar me zai yi da amsar? Ta uku, idan na yi shiru wa zai cutu? Da na bi su ɗaya bayan ɗaya sai na ga ashe amsa ɗaya ba za ta wadatar da kowa ba.

'Yan'uwana maza su ne masu iya yin wani abu, shirun da zan yi musu kuwa Auta zai cutar. Saboda haka da na huta na kira shi a waya na ce, "Auta, maganar Inna na riƙe, amma zan gaya wa yayyenka." Ya yi jim, sannan ya ce, "Yadda ka gani, Yaya." Muka haɗu muka yanka wa kanmu abin da za mu riƙa aika masa duk wata, muka biya rancen, saƙonnin waya da abaya kuma suka tsaya.

Wajen Inna ne abin ya yi tsauri. Na ce mata na same shi lafiya, yana karatu, yana cikin abokan zama na kirki, sai dai zaman can sai da haƙuri domin kuɗi ba ya isa. Duk wannan gaskiya ne. Sai ta ce, "Ɗakin nasa da kyau?" Na ce, "Inda na sauka da kyau yake, Inna." Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Allah Ya yi muku albarka." Ya kai mai karatu, wannan amsa tawa har yau tana damuna. Babu kalmar ƙarya a cikinta, amma na gina ta ne don a fahimci abin da ba shi ne ba, wanda kuwa ya haƙa rami ya rufe da ciyawa ba zai ce bai tura kowa ba. Na yarda mutum yana da damar yin shiru a kan sirrin da ba nasa ba, ban yarda yana da damar karkatar da mai sauraro ba. Da na ce mata, "Wannan Auta ne zai ba ki labari da bakinsa," da na tsira da amana biyun. Tsakanin shiru da yaudara akwai iyaka siririya kamar zare, kuma a ranar na taka ta.

Kuskure na biyu ya fi wannan girma, a aji kuma na yi shi. Da aka koma makaranta ɗalibai suka ce sai na ba su labarin Masar. Na buɗe ɗan littafina na shiga zuba: tituna, gadoji, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wutar da ba ta ɗaukewa. Saboda ina kiyaye sirrin Auta, sai na tsallake Hayyul Ashir baki ɗaya. Da na gama wani yaro ɗan ajin ƙarshe, mai ƙoƙari ƙwarai, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to mu zaman me muke yi a nan?" Aji ya yi dariya, ni kuwa gabana ya faɗi. Na san samarinmu nawa suke bin hanyar Agadas zuwa Libiya, na san saharar da na hango ta tagar jirgi ba ta mayar da duk wanda ta karɓa, kuma na san da yawansu labari irin nawa ne ya fara tayar musu da hankali. Wato rufin asirin da na yi wa mutum ɗaya ya koma yi wa ƙasa guda kwalliya, yaran da aka ba ni amanarsu kuma su ne za su biya.

A darasi na gaba na ba su sauran labarin, ɗaki ɗaya da katifu biyar da tukunyar wake, ban kama sunan kowa ba. Na gaya musu tafiya mabuɗin ilimi ce, ban hana kowa fita neman karatu ko sana'a ta hanyar da ta dace ba, amma wanda zai tafi ya tafi da idonsa biyu a buɗe. Lokaci ma ya ƙara gyara mini zance, domin a watan Yulin 2023 hukumomin Masar suka shiga ɗauke wuta bi da bi saboda tsananin zafi da ƙarancin iskar gas, a watan Satumba na shekarar kuma hauhawar farashi a biranensu ta kai kashi 38 cikin ɗari. Abin da na gani a mako uku na ɗauke shi halin ƙasa, ashe halin mako ukun ne kawai.

Ga abin da na tsinta daga wannan duka. Rufin asiri haƙƙin mutum ne, domin mutum yake da mutuncin da zai zube. Gari ko ƙasa ba su da wannan haƙƙi a kan matafiyi, masu saurare ne suke da haƙƙin a gaya musu daɗi da wuya gwargwadon yadda aka gani, tare da faɗa musu cewa ganin baƙo ne. Mai kuranta ƙasar waje har yara su raina tasu ya yi laifi, haka nan mai kushe ta don a ce yana kishin gida, domin shi ma ya hana mutanensa koyon abin kirkin da ke can. Ni dai na ga tsarin sufuri a Alƙahira da nake fatan mu samu irinsa, na kuma ga ɗalibai biyar a ɗaki ɗaya, duka biyun a jaka ɗaya ya kamata su zo.

'Yan'uwana marubuta, musamman masu tasowa, wannan magana ta fi shafar mu, domin tsarabar bakin mai magana a zaure take ƙarewa, ta marubuci kuwa tana shiga garuruwan da bai taɓa takawa ba. Rubutun tafiye-tafiye yana da tushe a adabinmu. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano shi ma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Amma mu dubi yawancin ƙagaggun labaranmu: da zarar an ce jarumi ya tafi Dubai ko Landan, to an gama, sai ya dawo da mota da gidan bene, ba a taɓa nuna mana katifarsa ba. Yaron da ya karanta irin wannan littafi goma, me muke tsammanin zai ɗauka? Marubuci yana da wata dama da ni ban samu ba a ɗakin Inna, domin yana iya sauya suna da gari ya rufa wa mutum asiri, sannan ya faɗi gaskiyar halin da ake ciki ba ragi. Wanda aka ba wannan dama ya ƙi amfani da ita ba shi da uzuri.

Wataƙila wani ya ce, to ga shi kai ma ka tona asirin Auta a mujalla. Auta ya gama karatu ya dawo gida, da izininsa na yi wannan rubutu, kuma yanzu shi da kansa yake ba da labarin sikeli yana dariya. Ranar da ya ba Inna labarin ina zaune. Ta saurara har ya gama, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Babba, ai tun ranar da ka ce inda ka sauka da kyau na gane. Na yi shiru ne don in rufa maka asiri."

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya kuma ba mu ikon faɗin gaskiya a inda ta wajaba. Wassalam.